Raye-rayen Romaniya na Bartók: Yadda Kiɗan Ƙauye Ya Koma Hannun Mai Goge

Kiɗan da za mu zauna a kansa yau gajere ne ƙwarai. Idan mai shayi ya ɗora buta a kan gawayi daidai lokacin da aka fara shi, da wuya ruwan ya tafasa kafin a gama. Minti biyar ne zuwa shida, gwargwadon hannun masu kaɗawa. A cikin wannan ɗan lokaci ake jero raye-raye shida na ƙauyukan Romaniyawa, masu ɗauke da karin kiɗa bakwai, saboda rawar ƙarshe kari biyu ne aka ɗinke wuri guda. Béla Bartók, ɗan ƙasar Hangari, shi ya rubuta su domin fiyano a 1915. Bayan shekara goma wani saurayi mai goge, Zoltán Székely, ya sake tsara su domin goge da fiyano, kuma wannan tsarin nasa ne ya zagaya duniya. Har yau masu goge kan ajiye shi a gefe, su fito da shi idan an tashi wasa jama'a suka ƙi barin kujerunsu suna neman ƙari.

Gogen da nake nufi na Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, wanda ake tokarewa a ƙarƙashin haɓa. Namu tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin doki, a kan ƙoƙo. Amma dabarar ɗaya ce: akwai izga da ake shafa wa ƙaro a goga a kan tsirkiya, akwai jaki da ke ɗage tsirkiyar daga jikin abin kiɗan, kuma yatsun hagu ne ke rage tsawonta ko su ƙara domin sauti ya hau ko ya sauka. Saboda haka goge zan ci gaba da kiransa, kada mu wahalar da harshe.

Sai mun fara sanin inda kiɗan ya fito kafin mu gane abin da aka yi masa. An haifi Bartók a 1881 a wani gari da 'yan Hangari ke kira Nagyszentmiklós, wanda yanzu yake cikin Romaniya da sunan Sânnicolau Mare. Ya yi karatun fiyano a Budafes, ya zama gwani, har ya koyar a makarantar da ya yi. Tun wajen 1906 shi da abokinsa Zoltán Kodály suka shiga yawon ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta Edison, kakar garmaho, wadda ke kankare sauti a jikin wani ɗan gwangwani na kaki. Kowane gwangwani minti biyu ko ɗan fiye da haka yake ɗauka. A sa tsohuwa ta rera, a sa makiyayi ya busa, a koma gida a yi ta maimaita gwangwanin ana rubuta kowane sauti a takarda. Daga 1909 Bartók ya juya ga ƙauyukan Romaniyawa, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin mulkin Hangari, kuma kafin ya daina ya tara musu kari sama da 3,000. Wanda ya riƙa yi masa jagora a yankin Bihor wani malamin makaranta ne na garin Beiuș, Ion Bușiția, kuma shi Bartók ya sadaukar wa waɗannan raye-raye.

Karin nan bakwai ya ɗauko su ne tsakanin 1910 da 1912. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: babu ko ɗaya daga cikinsu da aka rera da baki, kuma babu wanda ya taɓa kusantar fiyano. Biyar da goge aka kaɗa masa su, biyu kuma da sarewar makiyaya aka busa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsare hanyoyi, yawon ya ragu, sai ya zauna a gida a 1915 yana juya abin da ya tara. Sunan da ya fara ba su shi ne raye-rayen Romaniyawa na ƙasar Hangari. Da yaƙi ya ƙare, yankin Tiransilbaniya ya koma Romaniya, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta tabbatar da haka, sai wutsiyar sunan ta faɗi da kanta.

To, me Bartók ya yi wa karin? Kusan bai taɓa su ba. Yadda mai goge ya kaɗa, haka ya ɗora a hannun dama na mai fiyano. Aikinsa yana hannun hagu, wato rakiyar da ke ƙarƙashi: dunƙulen sautuka uku ko huɗu da ake dannawa lokaci guda domin su tallafi karin. Shi da kansa ya taɓa kwatanta irin wannan aiki da na maƙerin da aka kawo wa dutse mai daraja ya yi masa mazauni. Dutsen ba nasa ba ne, ba zai fasa shi ba, amma mazaunin da ya ƙera ne zai sa haske ya bugi dutsen ta nan ko ta can. Dabararsa da za a yi ta ji ita ce, idan kari ya dawo karo na biyu, sau da yawa yakan sauya rakiyar da ke ƙarƙashinsa. Mai goge bai canja komai ba, amma kunne ya ji kamar an koma wani ɗaki. Abu na biyu da ya taɓa shi ne sauri: ya ƙara wa wasu gudu, ya rage wa wasu, domin kowace rawa ta fita daban da maƙwabciyarta.

Sai dai fiyano yana da iyaka. Guduma ce a cikinsa ke dukan waya, kuma da an daka, sautin ya fara mutuwa ke nan. Ba ka iya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, ba ka iya jan sa ya zame zuwa na gaba. Sautukansa kuma sha biyu ne a kowane hawa, an yanka su an daidaita, babu na tsakani. Mai gogen ƙauye bai san wannan doka ba. Yatsansa kan sauka ɗan sama ko ɗan ƙasa da inda fiyano yake, har Bartók kan sa 'yar kibiya a kan sautin a rubutunsa domin ya nuna inda ya karkata. Nan ne Székely ya shigo. An haife shi a 1903, ya koyi goge a wurin Jenő Hubay, ya koyi tsara kiɗa a wurin Kodály, kuma yana saurayi ya yi wannan aiki. Bartók ya amince da shi, suka riƙa kaɗa shi tare, kamfanin Universal Edition na birnin Biyana ya buga shi a 1926. Abotar ta ɗore, domin shi ne wanda Bartók ya rubuta wa babban kiɗansa na biyu na goge da taron makaɗa, wanda aka fara kaɗawa a Amsterdam a 1939.

Abin da Székely ya yi, a taƙaice, ya ɗauke karin daga hannun dama na mai fiyano ya mayar wa goge, ya bar wa fiyano rakiya. Wannan rabon aiki tsohon abu ne a Tiransilbaniya. A wurin biki can, mai gogen gaba ne ke jan kari, a gefensa akwai mai wani goge da ake kira kontra, mai tsirkiya uku da jaki shafaffe, wanda ba ya yin kari ko kaɗan, dunƙulen sauti kawai yake gogawa yana riƙe wa masu rawa ƙafa, sai kuma babban goge mai kaurin murya a baya. Duk wanda ya riƙe wannan hoton zai gane abin da fiyano ke yi daga farko har ƙarshe.

Saura kayan awo guda biyu, sannan mu shiga raye-rayen. Na farko tsani ne. A duba fararen maɓallan fiyano: do, re, mi, fa, so, la, ti, sai a sake do a sama. Daga do zuwa do na gaba shi ne hawa ɗaya. Matakan tsanin ba daidai suke ba. Inda baƙin maɓalli ya shiga tsakanin farare biyu, taku ɗaya ne cikakke. Inda babu, wato tsakanin mi da fa da kuma tsakanin ti da do, rabin taku ne. Kiɗan birane na Turai ya daɗe yana zaune a kan tsani biyu kacal, wanda ke farawa daga do da wanda ke farawa daga la. Ƙauyawa ba su taƙaita kansu haka ba. Fara daga re ka hau fararen maɓallai zuwa re, ka sami tsanin da masana ke kira Doriyan. Fara daga fa, ka sami Lidiyan. Matakan ba su canja ba, wurin da rabin taku ya faɗo ne ya gusa, kuma wannan ɗan gushin shi ne dukan ɗanɗanon.

Na biyu shi ne abin da zan kira turke. Kowane kari yana da sauti ɗaya da yake ɗaure a jikinsa. Ya yi kiwo nan da can iyakar tsawon igiya, amma can yake komawa ya kwanta. Wani lokaci turken a zuci kawai ake jin sa, wani lokaci kuma fiyano ya kafa shi a fili, ya yi ta nanata sauti guda a ƙasa ba ya motsi. Székely ya matsar da turken raye-raye uku na tsakiya: ta biyu daga D (re) zuwa baƙin maɓallin da ke saman F (fa), ta uku daga B (ti) zuwa D, ta huɗu daga A (la) zuwa C (do). Ta farko da ta biyar bai taɓa su ba, kuma dalilin a ganina a fili yake. Turkensu A ne da D, su ne kuwa sautukan tsirkiyoyi biyu na tsakiyar goge idan an goga su babu yatsa a kai. Waɗannan biyu da aka haifa a kan goge sun koma mazauninsu ba tare da an gyara musu zama ba.

Rawa ta farko ita ce Jocul cu bâtă, rawar sanda, daga ƙauyen Voiniceni kusa da Târgu Mureș. Wasu masu goge biyu 'yan ƙabilar Roma, waɗanda Turawa suka daɗe suna kira Jifsi, su suka kaɗa wa Bartók ita. Rawar samari ce, mutum ɗaya a fili, kuma Bartók ya rubuta a bayanansa cewa ƙarshen bajintar shi ne saurayi ya yi tsalle ya shuri rufin ɗaki. Fiyano ne ke buɗewa da dunƙulen sauti masu nauyi har gaɓa huɗu, wato ɗaya-biyu sau huɗu, kamar mai share fage. Sannan goge ya shigo daga ƙasa, a kan tsirkiya mafi kauri, da murya irin ta namiji mai ji da kansa. Bugun bibbiyu ne, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ba gaggawa. Abin saurare shi ne yadda ba a raba bugun daidai: dogon sauti ya tsaya, gajere ya fizgo, wani lokaci kuma gajeren ne ke riga faɗowa a kan bugu, dogon ya biyo baya. Wannan fizgar ce ke ba rawar taƙama. A tsani kuma mataki na shida ba ya zama wuri ɗaya, yanzu yana sama irin na Doriyan, an jima ya sauko. Shi ya sa kunne ba ya iya yanke hukunci ko murna ake yi ko ɗaure fuska, kuma haka fuskar saurayi mai nuna ƙarfi take.

Ta biyu, Brâul, ba za ta riƙe mu ba, domin ita ma ba ta riƙe kowa: kusan rabin minti ce. Sunan yana nufin ɗamara, saboda masu rawa kan jeru suna riƙe da ƙugun juna. Doriyan ce tsantsa, jimloli huɗu gajeru masu tsayi ɗaya, ana ɗiga sautukan ɗaya bayan ɗaya kamar kaza na tsattsagar gero, a maimaita, shi ke nan. Amfaninta ta wanke kunne daga nauyin ta farko.

A ta uku ne ya kamata mu shimfiɗa tabarma. Sunanta Pe loc, wato a wuri ɗaya, domin mai rawa ba ya barin inda yake tsaye, ƙafa kawai ke aiki. Ita da Brâul duka daga ƙauyen Igriș suke, wanda ba shi da nisa da garin da aka haifi Bartók, kuma da sarewa aka busa su. Fiyano yana farawa can ƙasa-ƙasa, ya kafa turke, yana lilo tsakanin sauti biyu kamar numfashin mai barci. A kan wannan shimfiɗa wata siririyar murya ke shigowa daga sama. Wanda bai ga mai kaɗawa ba zai rantse busa ake yi, alhali goge ne.

Ga yadda ake samun wannan murya. Tsirkiya idan an goga ta, gaba ɗayanta take karkarwa, daga wannan baki zuwa wancan. Amma idan ka ɗora yatsa a kanta a hankali, taɓawa kawai ba dannawa ba, a daidai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonta, sai ta kasa karkarwa a dunƙule, ta rabu gida huɗu, kowane gida yana karkarwa da kansa. Saurin karkarwar ya ninka huɗu ke nan. Duk ninki biyu hawa ɗaya ne, saboda haka sautin ya tashi hawa biyu, kuma ya fito fes babu kauri, kamar fito. Matsalar ita ce tsirkiya huɗu ce kawai, kari kuwa yana bukatar sautuka da yawa. Sai mai goge ya yi dabara: ya danne tsirkiya sosai da yatsa manuni domin ya ƙirƙiro sabon tsawo, sannan ya miƙa ƙaramin yatsa ya shafi rubu'in wannan sabon tsawon. Kowane sauti na karin sai yatsun biyu sun tashi tare sun sauka tare, ɗaya da ƙarfi ɗaya da lallashi, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa duk lokacin da hannu ya hau sama. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa sautin ya ɓace, a ji shuu kawai ta izga. Haka Székely ya sa a kaɗa rawar, kuma a nan ne ɗalibai ke zufa. A ganina wannan ne wuri ɗaya da tsarinsa ya wuce na Bartók nesa, domin fiyano ba shi da hanyar tuna mana cewa makiyayi ne ya busa wannan kari.

Tsanin Pe loc ma abin tsayawa ne. Mataki na uku yana ƙasa, na huɗu kuma an ɗaga shi, sai rami ya buɗe a tsakaninsu na taku ɗaya da rabi. Babu irin wannan tazara tsakanin fararen maɓallai biyu maƙwabta. Karin kuwa ɗan ƙunci ne, sautuka kaɗan yake zagayawa, yana ta tsallake ramin nan yana dawowa, da 'yan ƙawace-ƙawace masu kama da rawar yatsa a kan ramin sarewa. Can wajen tsakiya Bartók ya ɗan zare turken, rakiya ta fara zamewa ƙasa a hankali, sannan ta komo, sautin ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Wannan taku ɗaya da rabi ya sake fitowa a rawa ta huɗu, Buciumeana, amma ya sauya mazauni. A nan mataki na biyu ne aka saukar, na uku yana sama, saboda haka ramin yana dab da turke. Duk wanda ya saba jin kiɗan Larabawa ko na Turkawa zai ce ya san wannan ƙamshi, kuma bai yi kuskure ba: haka ƙasan tsanin da suke kira hijaz yake. Wannan tazara ta bazu tun daga ƙasashen Balkan har Gabas ta Tsakiya, kuma yankunan nan sun daɗe suna gogayya da Turkawa. Banat, inda Igriș yake, ya zauna ƙarƙashin daular Usmaniyya daga 1552 zuwa 1716, ta Santambul nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. Bartók kuma ba baƙon wannan sauti ba ne, domin a 1913 ya je Biskra a Aljeriya da na'urarsa ya ɗauki kiɗan Larabawa.

Akwai ɗan ruɗani a kan sunan. Bucium wani dogon ƙaho ne na makiyayan duwatsu, shi ya sa ake yawan fassara sunan da rawar ƙaho. Amma Bucium kuma sunan gari ne a duwatsun Apuseni, kuma shi sunan rawar ke nunawa, kamar yadda za ka ce bakatsiniya ko bazazzagiya. Da goge aka kaɗa ta, ba da ƙaho ba. Ita kaɗai ce bugunta uku-uku ne daga farko har ƙarshe, kuma ita ce Bartók ya fi rage wa gudu. A ƙauye tana da kuzari fiye da haka. Shi ya kwantar da ita har ta koma kamar waƙar bege. Karin yana farawa a sama ya yi ta gangarowa mataki-mataki zuwa turke, da 'yan sautuka uku-uku da ake cusawa cikin bugu ɗaya kamar murya na rawa. Sau biyu ake yin sa, na farko a hankali, na biyu da buɗaɗɗen ƙirji da sabuwar rakiya. A nan goge ke yin abin da fiyano ba ya iyawa, ya riƙe dogon sauti ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya. A nan kuma masu goge da yawa ke zuba zuma har ta yi yawa. Sai su yi ta kaɗa yatsa a kan kowane sauti, su ja lokaci kamar danƙo, har bugu uku-ukun ya narke. Rage gudu Bartók ya yi, bai ce a cire ƙafa daga cikin rawar ba.

Daga nan sai gudu. Ta biyar, Poarga românească, daga Beiuș take, garin malam Bușiția. Sunan daga polka ya samo asali, rawar da ta cika Turai a ƙarni na 19, amma polka ta asali bugu bibbiyu ce, wannan kuwa ta ƙi bin layi. Mai karatu ya gwada da tafi: ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu, sannan a koma farko ba tare da an tsaya ba. Uku da uku da biyu, takwas ke nan. Gaɓa ta uku an yanke mata bugu ɗaya, saboda haka zagaye na gaba yana faɗo maka kafin ka shirya, kamar wanda ya zaci saura mataki ɗaya a bene ashe ya riga ya iso ƙasa. Tsaninta Lidiyan ne, wato mataki na huɗu a ɗage yake. A lura, shi ne dai matakin da aka ɗaga a Pe loc. Bambancin kawai, a can na uku yana ƙasa sai rami ya buɗe, kiɗan ya yi kaɗaici. A nan na uku yana sama, babu rami, sai ɗagawar ta zama haske da tsiwa. Székely ya sa a riƙa goga tsirkiya biyu lokaci guda, ga kuma 'yan gajerun sautuka da ake harbawa kafin babban sauti, sai goge ɗaya ya yi ƙarar mutum biyu.

Ba a numfasawa tsakaninta da ta shida, Mărunțel. Kalmar tana nufin ƙanana-ƙanana, saboda takun masu rawa gajeru ne masu sauri. Kari na farko daga Beiuș yake, na biyu daga Neagra, kuma na biyun ya fi gudu. An koma bugu bibbiyu. Jimlolin gajeru ne, ana nanata su, fiyano yana sara dunƙulen sauti, wani lokaci a kan bugu wani lokaci a bayansa, kamar mai ingiza keke a gangara. Mai goge kuma yana barin izga ta riƙa tsalle da kanta a kan tsirkiya. Sandar izga tana da ɗan lanƙwasa mai dawowa, saboda haka idan an sassauta riƙo a wajen tsakiyarta aka motsa wuyan hannu da sauri, sai ta yi ta ɗagawa tana sauka, kowane sauti ya fito a rarrabe. Wanda ya ƙanƙame izga domin tsoron gudu, shi ne gudun ke kayarwa.

Idan aka ja da baya aka dubi jerin, za a ga ba a zuba shi haka nan ba. Ƙauyukan da karin suka fito suna nesa da juna, daga Mureș zuwa Banat zuwa Bihor, kuma babu bikin da aka taɓa kaɗa su a jere kafin Bartók. Shi ya sa mai nauyi a gaba, ya bi ta da mara nauyi, ya kwantar da hankali da biyu masu sanyi a tsakiya, sannan ya saki linzami. Gogen da ya karɓe su a 1925 ma ba irin na ƙauye ba ne. Fiton nan na yatsu biyu da tsallen izga kayan makaranta ne, na ɗalibin Hubay, kuma mai gogen biki a Voiniceni ba haka yake kaɗawa ba. Wanda ke son jin tazarar da ke tsakani zai iya, domin muryoyin gwangwanayen kakin suna nan an adana su a Budafes, kuma ƙungiyar Muzsikás ta Hangari ta fitar da faifai a ƙarshen shekarun 1990 inda ta jera wasu daga cikin ɗaukar Bartók kusa da kiɗan da aka yi da su.

A 1930 Bartók ya zauna a gaban fiyano, Joseph Szigeti ya ɗauki goge, suka naɗi tsarin Székely a faifan garmaho. Yana nan a YouTube, da ƙarar tsufansa da komai. Mai karatu ya saurare shi sau biyu. A karo na farko ya bi goge, kamar yadda kowa ke yi. A karo na biyu ya ƙyale Szigeti, ya kasa kunne ga fiyano kaɗai, ya ƙirga sau nawa rakiya ta sauya a ƙarƙashin karin da bai sauya ba.